Zubin kod mai sauƙi a kiɗan fiyano na koktel: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda masu koyon fiyano suka fi yi idan aka ce su zauna su kaɗai, babu ganga babu mawaƙi, su yi kiɗa mai laushi mutane na cin abinci suna hira. Kusan duk misalan a ki na C suke. Inda aka ce "C na tsakiya" ana nufin C ɗin da ke daidai tsakiyar fiyano, da shi za mu riƙa auna sama da ƙasa. Gara ka karanta da kibod a gabanka, domin rabin amsoshin a yatsa suke.

Wai mene ne ma kiɗan koktel ɗin?

Salo ne na kaɗa fiyano mutum ɗaya, wanda ya bunƙasa a falukan manyan otal-otal da gidajen abinci na Amurka, musamman bayan 1933 da aka janye dokar hana sayar da barasa a ƙasar. Sunan ya fito ne daga abin shan da ake haɗawa a irin wuraren kafin abincin dare, amma kiɗan bai rataya da kwalba ba. Yau za ka ji shi a falon otal, a gidan abinci, a wajen dina. Eddy Duchin a shekarun 1930, da Carmen Cavallaro a bayansa, suna cikin waɗanda suka fito da salon fili. Bobby Short kuwa ya fara aiki a Café Carlyle na birnin New York a 1968, ya shafe fiye da shekara 35 a wurin.

Waƙoƙin da ake kaɗawa sanannu ne, tafiyar a hankali take, kod ɗin kuma, wato sautukan da ake dannawa tare, daga jaz aka aro su. Bambancinsa da jaz shi ne waƙar ba ta ɓacewa. Sharaɗin aikin biyu ne a haɗe: wanda ya kasa kunne ya ji abin da zai burge shi, wanda ke hira kuma kada a tilasta masa ɗaga murya.

Me ake nufi da zubin kod? Ba C-E-G ne kawai kod na C ba?

C-E-G sunayen sautukan ne. Zubi shi ne yadda ka jera su: wanne ke ƙasa, wanne ke sama, wanne ka maimaita, wanne ka bari, da kuma wane sashe na fiyano ka ajiye su. Takardar da masu wannan sana'a ke ɗorawa a gabansu ba ta ɗauke da komai sai layin waƙa da alamun kod a samansa, irin su Dm7 ko G7. Ba ta gaya maka inda za ka sa yatsa. Shi ya sa mutum biyu za su kaɗa waƙa ɗaya daga takarda ɗaya, na ɗaya ya fito garau, na ɗayan ya fito a cakuɗe.

Kod irin Dm7 sauti huɗu ne. Idan zan rage, wanne zan riƙe, wanne zan zubar?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, don haka bari mu tsaya a kanta.

Kod mai bakwai yana da tushe, da na uku, da na biyar, da na bakwai. A G7 ke nan: G, B, D, F. Kowanne da aikinsa. Tushe yana gaya wa kunne sunan kod ɗin. Na uku shi ke raba mejo da maino: ka sauke B zuwa B♭, nan take kod ya canza fuska. Na bakwai shi ke nuna ko kod ɗin zaune yake ko yana neman tafiya. F a cikin G7 yana ja zuwa gida, amma da ka ɗaga shi ya zama F♯ sai jan ya mutu, kod ya zauna abinsa.

Na biyar fa? Ka duba Gmaj7 da G7 da Gm7, duka ukun D ne na biyar ɗinsu. Bai raba komai da komai ba. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ka danna G na ƙasa, igiyar ba G kaɗai take fitarwa ba, tana fitar da wasu sautuka siri-siri a sama, kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfinsu shi ne wannan D ɗin. Wato yana nan ko ba ka danna shi ba. Saboda haka shi ne na farkon tafiya.

Abin da ya rage: tushe, na uku, na bakwai. Sauti uku, kuma duk ma'anar kod ɗin tana cikinsu. Amurkawa na kiran wannan zubi shel.

Akwai inda ba a zubar da na biyar, wato inda shi kansa aka taɓa shi. A Bm7♭5, wanda yake B, D, F, A, an sauke na biyar ɗin da rabin mataki, wato zuwa maɓallin da ke manne da shi, kuma wannan F ɗin shi ne duk ɗanɗanon kod ɗin. Ka cire shi, ya koma Bm7 na yau da kullum. Haka ma kod mai alamar dim ko aug.

To, a nuna mini da yatsa.

Ɗauki jerin Dm7, G7, Cmaj7, wanda ake kira biyu-biyar-ɗaya, domin a ki na C, D ne na biyu, G na biyar, C na ɗaya. Mafi yawan tsofaffin waƙoƙin Amurka a kan wannan jeri aka gina su, ana ta juya shi daga ki zuwa ki.

Hannun hagu: ɗora babban yatsa a kan C na tsakiya, ƙaramin yatsa a kan D da ke ƙasa da shi. Dm7 ke nan, tushe da na bakwai. Yanzu zame babban yatsan nan rabin mataki zuwa B, ka sa yatsan tsakiya a kan G da ke kusa. G7 ke nan, tushe da na uku. Bar babban yatsa inda yake a kan B, ka miƙa ƙaramin yatsa zuwa C na ƙasa. Cmaj7. Kod uku sun wuce, babban yatsanka sau ɗaya ya motsa, kuma maɓalli ɗaya tak ya matsa.

Hannun dama: babban yatsa a kan F da ke sama da C na tsakiya. A Dm7 shi ne na uku. Kada ka ɗaga shi, domin a G7 shi ne na bakwai. Da an shiga Cmaj7 sai ya sauka E. Sauran yatsun dama huɗu ka sake su, aikinsu waƙa ne.

Lura da abin da manyan yatsunka biyu suka yi. Na hagu: C, B, B. Na dama: F, F, E. Idan ɗaya ya motsa ɗayan na tsaye, sannan su yi musaya. Ka kaɗa su su biyu kawai, ba tushe ba waƙa, za ka ji jerin ya cika ya isa gida. Wannan santsin da ake ji a hannun ƙwararru, wanda mai koyo ke zaton wani sirri ne mai nisa, yawancinsa daga nan yake fitowa.

Zubin yatsa biyu na hagun nan da sunan Bud Powell aka fi saninsa. A shekarun 1940, lokacin da salon jaz na bibof ya yi saurin da hannun hagu ba zai iya ta tsalle-tsalle irin na da ba, sai ya rage shi zuwa sauti biyu ya bar wa hannun dama fili. Shi gudu ya sa shi. Mai kiɗan koktel don sarari yake yi.

Ni da do-re-mi na koya a coci, ban saba da haruffa ba.

Babu abin da ya ɓaci, ma ka fi samun sauƙin kai shi wani ki. Hagu: re da do, so da ti, do da ti. Babban yatsan dama: fa, fa, mi. Abin da za ka ƙara kawai shi ne sanin alamun kod na haruffa, tunda da su ake rubuta takardun wannan kiɗa. Karatun nota bai zama dole ba. Erroll Garner, ɗaya daga cikin waɗanda masu wannan salo suka fi kwaikwayo, bai iya karanta nota ba har ya bar duniya.

Sauti uku bai yi rama ba? Ina jin kamar kiɗan ba shi da jiki.

A ɗakinka, da kunnenka manne da sifika, zai iya yi maka haka. A falo mai tayil da gilashi, ga ƙarar cokali da faranti, sauti uku da waƙa a sama suna isa har ƙofa, alhali sauti takwas sai su dunƙule su zama gunji. Kuma kada ka manta waƙar kanta sauti ce ta huɗu. Sau da yawa ita ce ke riƙe da na biyar ko na tara da kake ganin ka rasa.

Idan har yanzu kana son ƙari, ƙara sauti ɗaya a hannun dama, ƙarƙashin waƙa, ba a hagu ba. Na tara ya fi dacewa da kod maino da mejo: E a kan Dm7, D a kan Cmaj7. A kan G7 kuma gwada E, wanda shi ne na sha uku. Ɗaya dai, ba biyu ba.

Me ya sa hannun haguna ke ruri idan na sauka ƙasa?

Saboda kana matse sautuka a inda kunne ba ya iya raba su. C na tsakiya yana kaɗawa kusan sau 262 a daƙiƙa, E na kusa da shi kusan 330, tazarar ta kai 68. Ka sauka oktef biyu (oktef shi ne tazarar da ke tsakanin C da C na gaba), C ya koma kusan 65, E kusan 82, tazarar ba ta wuce 17 ba. A wannan kusancin kunne ba ya jin sauti biyu masu daɗi, gurnani yake ji.

Dokar da za ka riƙe: daga C da ke oktef ɗaya ƙasa da na tsakiya zuwa ƙasa, kada ka haɗa tushe da na ukunsa a manne. A can ƙasa sauti ɗaya, ko oktef, ko tushe da na biyar. Na uku da na bakwai gidansu kewayen C na tsakiya ne, 'yan maɓallai ƙasa da shi zuwa 'yan maɓallai sama da shi. Faɗi a ƙasa, matsi a sama.

An ce a kama na goma da hagu. Hannuna bai kai ba.

Hannun mutane da yawa bai kai ba. Na goma na uku ne da aka ɗaga oktef guda, misali C na ƙasa da E da ke sama da C na tsakiya, kuma daɗinsa ya fito ne daga faɗin nan da muka ambata. Mafita biyu: ka ba babban yatsan dama E ɗin, ko ka mirgina, wato C, sai G, sai E ɗaya bayan ɗaya, feda, wato matakin ƙafa mai riƙe sauti, na riƙe da su. Mirginawar ma ta fi kama da salon. Kada ka yi ta miƙa yatsu da ƙarfi har wuyan hannu ya fara zafi.

Idan waƙa ta ƙare a kan do, Cmaj7 ɗina yakan yi tsami. Ina matsalar?

B na babban yatsan hagu ne ke faɗa da C na waƙa. Tazarar da ke tsakaninsu oktef ce da rabin mataki, kuma da wuya a samu tazarar da ta fi ta kaifi. Sauke babban yatsan daga B zuwa A, kod ya koma C6, faɗa ya ƙare. Shi ya sa tsofaffin waƙoƙi da yawa suke rufewa da kod mai shida. Duk inda waƙa ta zauna a kan tushen kod mejo, shida ya fi bakwai zaman lafiya.

Na ga ana koyar da zubi marar tushe a intanet, ana cewa shi ne na ƙwararru. In koma kansa?

Ka koya, amma ka san don wa aka yi shi. Red Garland da Wynton Kelly da Bill Evans suka yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1950, kuma dukkansu da mai bes a gefensu yana riƙe da tushe. Ga shi a jerinmu: F-A-C-E, sai F-A-B-E, sai E-G-B-D, duka da hagu a kewayen C na tsakiya. Yana da kyau ƙwarai, daga na farko zuwa na biyu ma yatsa ɗaya ne ke motsawa.

Matsalar ita ce kai kaɗai ne. F-A-C-E ba tare da D a ƙasa ba, Fmaj7 kunne zai ji. Idan ka yi waƙa guda cur a haka, sai ta riƙa shawagi ba ta taka ƙasa ba, wanda ke cin abinci ba zai san dalili ba amma zai ji wani abu bai zauna ba. Hanyar amfani da shi ga mai kiɗa shi kaɗai ita ce: bugu na ɗaya ka taɓa tushe a ƙasa, feda ta riƙe, bugu na biyu ko na uku hannu ya hau ya ajiye zubin. Wannan jikan salon sitirayid ne na su James P. Johnson da Fats Waller a Harlem, an dai rage masa gudu.

Ranar da aka haɗa ka da mai bes kuwa, sai ka juya lamarin: ka bar masa tushe gaba ɗaya, kada ku yi ta karo a ƙasa.

Wane zubi ne ke ba da wannan sauti mai kauri da ke tafiya tare da waƙa?

Wanda ake kira kullallun hannuwa. Milt Buckner, mai fiyano a ƙungiyar Lionel Hampton, ake dangantawa da fara shi, George Shearing kuma, makaho haifaffen Landan da ya koma Amurka a 1947, ya mai da shi tambarinsa. Hannun dama na riƙe da sauti huɗu a matse, waƙa a sama, hagu na maimaita waƙar oktef ɗaya ƙasa. Idan waƙa na kan C na sama: dama E-G-A-C, hagu C na tsakiya. Idan ta taka D a hanya: dama F-A♭-B-D, hagu D.

Wannan bai shiga sahun masu sauƙi ba, domin kowane sautin waƙa da nasa kod. Ƙaninsa ya fi sauƙin ɗauka: daga E-G-A-C, ciro sauti na biyu daga sama, wato A, ka ba hagu oktef ɗaya ƙasa. Dama ta rage E-G-C. Sauti huɗu ne har yanzu amma iska ta shiga tsakaninsu. Shawarata ka ajiye shi don layi ɗaya ko biyu, inda waƙa ta kai ƙololuwa, sannan ka koma shel.

Ba za a raina ni ba idan masu kiɗa suka ga yatsa uku kawai nake dannawa?

Wataƙila wasu su raina. An taɓa raina waɗanda suka fi mu. Ahmad Jamal, ɗan Pittsburgh da ya musulunta a 1950, wasu masu sharhin jaz sun yi masa kallon mai kiɗan koktel kawai, kuma da nufin rage masa daraja suke faɗa. Laifinsa a wurinsu shi ne yana barin fili, yana taɓa kaɗan ya yi shiru. Miles Davis, mai busa kakakin jaz, kuwa wannan filin ne ya burge shi, har ya riƙa neman mai fiyanonsa Red Garland ya bi sawun Jamal. Faifan da Jamal ya ɗauka a 1958 a falon otal ɗin Pershing da ke Shikago ya yi kasuwar da faifan jaz kaɗan suka taɓa yi.

Mai kiɗan da ya san aiki ba yatsu yake ƙirgawa ba, yana sauraron yadda wannan kod ya shiga wancan ne.

Waƙa na maimaituwa sau biyu ko uku. Yaya zan sauya launi ba tare da koyon sababbin zubi ba?

Yawancin waƙoƙin nan awo 32 ne, kowane awo bugu huɗu, an raba su kashi huɗu: na ɗaya, maimaicinsa, gada, sai na ɗaya kuma. A tafiyar hankali zagaye guda kusan minti biyu ne kawai, dole ka sake zagayowa.

Abu mafi arha shi ne sauya wuri da motsi. Zagayen farko ba tare da tsayayyen bugu ba, kana ja kana saki yadda numfashin waƙar ya nuna. Na biyu da bugu, waƙar ta hau oktef ɗaya. A gada ka mirgina hagu.

Sai kuma wata dabara da shel ke bayarwa kyauta. Na uku da na bakwai na G7 su ne B da F. Na D♭7 kuwa F da B ne, su ɗin dai, sun yi musayar matsayi. Ke nan a jerinmu kana iya barin manyan yatsunka yadda suke, ka sauya tushe kawai daga G zuwa D♭, ƙasa ta gangara D, D♭, C. Yatsa ɗaya ka canza, amma sai a ɗauka wani babban abu ka yi. Duba waƙa tukuna: idan tana kan F ko B ko G zai zauna daram, idan tana kan D yakan yi tsami. Wanda ke danna kod cike da yatsu biyar ba zai taɓa ganin wannan dangantakar ba, domin ta ɓuya a cikin tarin sautuka.

Gudun yatsu daga ƙasa zuwa sama fa? Ai shi ne koktel ɗin.

Yana cikin salon, ba musu. A 1955 Roger Williams ya kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard da kiɗan fiyano ba muryar mawaƙi, da waƙar Autumn Leaves ta Joseph Kosma, kuma gangarowar yatsu daga sama ce ta sayar da faifan. Amma gudu turare ne: ɗigo ɗaya a ji daɗin zama kusa da kai, ka juye kwalba kowa ya kama ciwon kai. Wurinsa shi ne inda waƙa ta riƙe dogon sauti ko ta yi shiru a ƙarshen layi. Idan waƙa na magana, yatsu su saurara. Kuma ba sai ka haddace wani abu daban ba, sautukan kod ɗin da na tara, a mirgine oktef biyu, sun wadatar.

Waƙar nan ta Kosma, tunda an ambace ta, tana da amfani ga mai koyo: layinta na farko biyu-biyar-ɗaya ne a mejo, na biye da shi biyu-biyar-ɗaya a maino.

Yaya ake taka feda?

Sabon kod, sabuwar feda. Yatsu su sauka a kan sabon kod, a daidai lokacin ƙafa ta ɗaga, sannan ta koma ƙasa kafin yatsu su tashi. Ƙafa bayan hannu take zuwa. Idan ka ɗaga da wuri za a ji rami, idan ka makara C na Dm7 zai kwana a kan B na G7, duk wahalar da ka sha wajen tsabtace zubi ta tashi a banza.

Kibod gare ni mai maɓalli 61, ba babban fiyano ba. Zai yi?

Zai yi. Cikakken fiyano maɓalli 88 ne, amma duk abin da aka bayyana a sama yana cikin oktef biyar ɗin da kake da su. Irin Yamaha PSR da aka daɗe ana aiki da su a situdiyoyin Kano ma sun isa, da sharaɗi uku. Kashe rakiyar da injin ke yi da kansa, domin idan tana kunne ɓangaren hagu ba sautin da ka danna yake fitarwa ba, fassara yatsunka yake yi ya zubo nasa kod. Kunna jin nauyin taɓawa, yadda waƙa za ta fi rakiya ƙarfi. Sannan ka nemi feda. Idan ka ga tana aiki a juye, tana riƙe sauti lokacin da ba ka taka ba, yawanci an kunna kibod ɗin ne ƙafa na kanta. Kashe, ɗauke ƙafa, sake kunnawa.

Kada ka haɗa muryar fiyano da ta goge mai ja a baya. Tana cike duk sararin da ka buɗe.

Zan iya yi wa waƙoƙinmu na Hausa irin wannan kiɗa a wajen dina?

Ƙwarai, kuma a ganina nan ne zubi mai sauƙi ya fi nuna amfaninsa. Waƙoƙinmu da yawa, musamman masu tushe a gargajiya, a kan sautuka biyar suke tafiya, misali la, do, re, mi, so. Babu fa, babu ti. Idan ka jibga musu kod ɗin jaz cike, kana cusa sautukan da waƙar ba ta san su ba, sai ta fito da baƙin kaya, uwar amarya ta kasa gane waƙar da ta sani tun tana budurwa.

Gina rakiyar daga sautuka biyar ɗin. A la maino: hagu A da G, sai D da C, sai E da D. Ƙarƙashin waƙa kuma, maimakon na uku, jera huɗu-huɗu, kamar E-A-D. Wannan zubi bai cika nuna mejo ko maino ba, don haka ba ya jayayya da waƙar. G♯ na E7 ka yi hattara da shi, da ya shigo ya ja kiɗan zuwa Turai. Kod biyu ko uku sun ishi waƙa guda, wani lokaci ma tushe ɗaya a ƙasa na tsawon layi huɗu ya fi komai.

Abu ɗaya da ba a taɓawa shi ne hawa da saukar waƙar. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma waƙa takan bi hawa da saukar kalmomin. Mutanen da ke zaune suna rera kalmomin a zuci ko da ba mawaƙi. Ka lanƙwasa layin don ya dace da wani kod da kake so, za su ji an karya magana.

Ni a ki ɗaya nake kaɗa komai, in danna tiransifos, maɓallin da ke sauya ki a kibod. Dole ne in koyi sauran?

Ranar da aka zaunar da kai gaban fiyano na katako a falon otal, babu maɓallin da za ka danna. Ko a kibod ma, waƙoƙin nan suna fita daga ki su shiga wani a tsakiyar tafiya, musamman a gada, kuma tiransifos ba zai bi ka can ba.

Sauƙin abin shi ne shel siffa biyu ce kawai a hagu, tushe da na bakwai, tushe da na uku. Fara da C, F, B♭, E♭ da G, domin a nan mafi yawan takardun suke. Ki ɗaya a mako ba laifi. Ka faɗi sunan kod da baki kafin ka danna, ka yi har sai hannu ya daina jiran ido. A wajen aiki za a zo a tsaya a kanka ana gaisawa ko ana roƙon waƙa, dole ka amsa da fara'a hannu na ci gaba.

Yaya zan san ƙarfin sautin ya yi daidai?

Dubi teburin da ya fi kusa da kai. Idan suna sunkuyowa juna don su ji magana, ka yi yawa. Kafin ka taɓa maɓallin murya, fara rage hagu: cire sauti ɗaya, ɗaga zubin sama kaɗan, sassauta feda. Sau da yawa cunkoso ne ke damun mutane ba ƙara ba. Idan emsi ya ɗauki makirufo, bar waƙa gaba ɗaya, ka riƙe shel da hagu, kod ɗaya a kowane awo, har ya gama. In kuma addu'a za a yi, ɗauke hannu duka.